Jirgin da Iska ke Tuƙawa

Duk wanda ya ji an ambaci Ushafa, tukwane ne suke fara faɗo masa a rai. Wannan gari, da ke cikin ƙaramar hukumar Bwari a yankin Babban Birnin Tarayya, ya yi suna wajen ginin tukwane, har shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya kai masa ziyara a watan Agusta na shekarar 2000. Amma a gefen garin akwai wani abin kallo, wato madatsar ruwa ta Usuma, wadda aka gina a shekarun 1980 domin shayar da birnin Abuja. Ruwa ne shimfiɗe a tsakanin duwatsu. In ka tsaya a bakinsa da hantsi a lokacin hunturu, za ka ji iska tana kaɗa maka riga, ka kuma ga tana kora ƙananan taguwoyi zuwa gefe guda. Wannan iska, da ba a biyan ko kwabo a kanta, tana da ƙarfin da zai ɗauki mutum daga wannan gaɓa zuwa waccan, in dai ya san yadda zai kama ta. Abin da wannan darasi zai nuna maka ke nan: yadda ake haɗa ƙaramin jirgin ruwa, a kafa masa jigo, a ɗaura masa filafili, har iska ta zama ita ce mai tura shi.

Kafin mu shiga aiki, sai mu daidaita kalmomi biyu. Filafili a Hausa yana nufin faffaɗan icen nan da mai kwalekwale yake zuga ruwa da shi, yana kuma nufin ƙyallen da ake shimfiɗa wa iska a kan jirgi. A nan, duk inda ka ga filafili, ƙyallen ake nufi. In icen muke so, za mu ce filafilin hannu. Jigo kuwa ka san shi a lambu, shi ne icen da ake kafawa don jan ruwa. Haka ma ake kiran dogon icen da yake tsaye a cikin jirgi yana riƙe da filafili.

Sassaƙar jirgi tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani ice a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi, suka tarar kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka sassaƙa kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Har yau ba a sami jirgin da ya fi shi daɗewa a nahiyar Afirka ba. Irin wannan jirgi na ice guda, da na katako da ake bugawa da ƙusa, su ne Sarkawa da sauran masunta suke aiki da su a gulbin Kebbi da kogin Kwara, kuma yawancinsu da gora ko filafilin hannu ake tuƙa su, yanzu kuma ga inji. Duk da haka filafili ba baƙo ba ne a gare mu. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa a zamanin da, in sun isa Sawakin a Sudan, cikin jiragen filafili da yawansu suke tsallake Bahar Maliya zuwa Jidda. A Mopti ta ƙasar Mali, har yanzu ana ganin masu jirgi suna ɗinke buhuna su yi filafili da su. In iska tana tahowa daga bayansu sai su ɗaga shi su huta, in ta juyo sai su sauke, su koma ga gora.

To, a nan ne bambanci yake. Filafilin buhu yana kai mutum inda iska ta nufa ne kawai. Jirgin da za mu haɗa kuwa yana iya ratsa iska, har ma ya haura zuwa wajen da take fitowa. Duk abin da za ka gani an ƙara masa, saboda wannan ne.

Ƙananan jirage biyu ne suka fi kowane sa yara da talakawa a cikin wannan fanni. Na farko shi ne Optimist, wanda wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ya tsara a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka, a shekarar 1947. Tsawonsa kamar mita 2.3 ne, nauyin gangar jikinsa kilo 35, faɗin filafilinsa kuma kimanin murabba'in mita 3.3. Yaro ɗaya yake ɗauka, kuma yara suna tsere da shi har su kai shekara 15. In ka gan shi za ka ce akwati ne, don goshinsa ba tsini. Dalili kuwa shi ne an tsara shi ya fito daga falankin da ake sayarwa a kasuwa, mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, ba tare da ɓarnar katako ba. Na biyu shi ne Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a Ingila a farkon shekarun 1960, da goyon bayan jaridar Daily Mirror. Tsawonsa mita 3.3, filafilinsa ja ne, kuma a yayyanke ake sayar da katakonsa, mutum ya haɗa abinsa a gida. An yi fiye da guda 70,000. Za mu ɗauki hanyar haɗa gangar jiki daga Mirror, mu ɗauki ɗaurin filafili daga Optimist, domin nasa ya fi sauƙin ganewa.

Haɗa gangar jiki

Hanyar haɗa Mirror ɗinki ce, kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Kada ka yi mamaki. Wani matafiyi Bafaranshe, René Caillié, da ya bi kogin Kwara daga Jenne zuwa Tambutu a shekarar 1828, ya ba da labarin manyan jiragen da aka ɗinke katakonsu da igiya. Abin da zamani ya ƙara shi ne waya da gam.

Falankin da ake bukata shi ne mai falle-falle, wanda aka manna siraran katako a kan juna, mai kaurin milimita 6 ko kusa da haka. In ka je kasuwar katako irin ta Dei-Dei, za ka tarar da iri-iri, kuma a ido duk ɗaya suke. Amma wanda ake yin silin da kabad da shi, gam ɗinsa ba ya jure ruwa. Hanyar gwadawa ba wuya: yanki ɗan guntu, ka tafasa shi a tukunya na tsawon sa'a guda. In fallayen suka rabu, ka bar wa kafinta abinsa, ba na jirgi ba ne.

Da farko ana zana sassan a kan falanki bisa ga awo, a yanka da zarto: gindi, gefe biyu, allon goshi da allon baya. Sassan gefe biyun a haɗe ake yanka su, ɗaya a kan ɗaya, don kada wani ya fi wani ko da da faɗin farce ne. Daga nan sai a huhhuda ƙananan ramuka a bakin kowane sashe, tazarar kamar faɗin tafin hannu, a zura guntayen wayar tagulla, a murɗa su sako-sako. Kana murɗawa kana ganin abin mamaki: falankin da yake shimfiɗe kamar tabarma yana lanƙwashewa da kansa, yana ɗaukar siffar jirgi.

A nan ne gaggawa take ɓata aiki. Kafin ka ƙara matse wayoyin, ɗauki igiya ka auna daga kusurwar goshi ta dama zuwa kusurwar baya ta hagu, sa'an nan daga ta hagu zuwa ta dama. In awon biyu bai zo daidai ba, jirgin a murɗe yake, kuma in gam ya bushe a haka, har abada zai riƙa karkata gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba. Gyara shi tun waya tana sako-sako. Sai awo ya daidaita ake matsewa.

Gam ɗin da ake amfani da shi ana ce masa efoksi. Ruwa biyu ne a mazubi daban, sai an gauraya su suke daskarewa. Ana kwaɓa shi da garin katako ya yi kauri, a cike kowace mahaɗa daga ciki, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai, a sake shafe shi da gam. In ya bushe sai a kifa jirgin, a yanke wayoyin, a yi wa waje yadda aka yi wa ciki. Zafi yana sa wannan gam saurin kamawa, saboda haka a ƙasa irin tamu da sassafe ake aikinsa, a inuwa, kuma kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Sa safar hannu, don yana cin fata.

Yanzu kuma sai aikin da yake tayar wa sabon shiga hankali. Bayan duk wahalar toshe kafofi, sai a ɗauki zarto a tsaga gindin jirgin a tsakiya, tsaga doguwa siririya. Ta nan ne wani allo zai riƙa sauka cikin ruwa, wanda za mu kira allon ƙasa. Za ka ce, ai ruwa zai shigo. Ba zai shigo ba, domin ana gina wa tsagar siririn akwati mai buɗaɗɗen sama, wanda bakinsa ya fi fuskar ruwan waje tudu. Ruwa zai hau cikin akwatin, amma da ya kai daidai da na waje sai ya tsaya. Ruwa ba ya hawa ya wuce kansa. Wannan akwati shi ne wurin da ya fi kowane yawan yoyo a ƙananan jirage, don haka kada ka yi masa rowar gam.

Saura wurin jigo. Ana gicciya katako mai ƙarfi kusa da goshi, daga gefe zuwa gefe, da rami a tsakiyarsa. Daidai ƙarƙashin ramin, a gindin jirgi, ana kafa wani ɗan gurbi kamar ƙaramin turmi. Jigo zai bi ta ramin ya zauna a cikin gurbin. Waɗannan wurare biyu su kaɗai ne suke riƙe da jigon Optimist, ba shi da wayoyin da suke ɗaure shi ta gefe kamar na Mirror, saboda haka duk ƙarfin iska a kansu yake sauka.

Abu na ƙarshe kafin fenti shi ne abin da zai hana jirgi nutsewa in ya cika da ruwa. Optimist yana da jakunkunan iska guda 3 ɗaure a cikinsa. Inda babu su, jarkoki marasa komai, masu murfi gam, suna yin aikin. Lissafin mai sauƙi ne: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai cin lita 20 tana iya tallafe nauyin da ya kusa kilo 20 a kan ruwa. Sai dai a ɗaure su tamau a jikin jirgin. Jarkar da ba a ɗaure ba, ranar da jirgi ya kife ita ce take fara tafiyarta.

Dalilin allon ƙasa

Tsaya mu duba abin da ya sa aka sha wahalar tsaga gindin jirgi, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran. Bahaushe ya ce iska na wahalar da mai kayan kara. Duk faffaɗan abu mara nauyi, iska tura shi take yi inda ta ga dama, kuma jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi da filafili a kansa kayan kara ne sosai. In iska ta bugo shi daga gefe, zai zame ta gefe kamar faifai a kan ruwa.

Ɗauki jiƙaƙƙen ƙwallon mangwaro, ka matse shi tsakanin babban yatsa da manuni. Yatsa ɗaya yana tura shi ta nan, ɗaya ta can, shi kuwa sai ya suɓuce ya yi gaba. Haka jirgi yake. Iska tana tura filafili ta gefe guda, ruwa yana tokare allon ƙasa ta ɗaya gefen. Allon siriri ne ta gaba, faffaɗa ta gefe, saboda haka yana yanka ruwa cikin sauƙi in jirgi ya yi gaba, amma yana ƙin tafiya ta gefe. Da jirgi ya matsu tsakanin iska da ruwa, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce gaba.

Akwai ƙari. Filafili ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne, an ɗinka shi da ɗan ciki. In iska ta bi ta jikinsa, yana lanƙwasa ta kamar yadda fiffiken tsuntsu yake yi, sai ya zama akwai ƙarfin da yake jan sa ta bayan cikin nan. Wannan ne ya sa jirgi yake iya haurawa wajen iska. Amma ba ya fuskantar ta kai tsaye. In ka nufi goshi daidai inda take fitowa, filafili zai yi ta faɗa-faɗa kamar tuta, jirgi ya tsaya cik. Iyakar kusantar da zai iya kamar digiri 45 ce, wato rabin kusurwar ɗaki. Mai son zuwa inda iska take fitowa sai ya yi tafiyar maciji, ya karkata dama, ya juyo ya karkata hagu, har ya isa. Hanyar ta fi tsawo, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abu na uku shi ne allon da yake rataye a baya, wanda ake juya jirgi da shi. Tun da Bahaushe mahayin doki ne, bari mu ara daga wajensa mu kira wannan allo linzami. Igiyar da matuƙi yake riƙe da ita, wadda yake jawo filafili ko ya sassauta shi da ita, mu kira ta ragama. Hannu ɗaya a linzami, hannu ɗaya a ragama, haka ake zaman jirgin filafili.

Ɗaura filafili

Ka kawo jirgi bakin ruwa. Kafin ka taɓa komai, nemi inda iska take fitowa. Dubi yadda ciyawa take kwanciya, ko ka ɗebi ɗan ƙasa ka sake. Juya goshin jirgi ya fuskanci wajen. In ka kafa filafili alhali iska tana bugowa daga gefe ko daga baya, zai cika tun kana tudu, ya kifar da jirgin ko sanda ta buge ka.

Filafilin Optimist kusurwa huɗu gare shi, sanduna uku ne kuma suke miƙe shi: jigo a tsaye, sandar ƙasa a kwance, da wata siririya da take tashi a karkace daga jikin jigo ta tokare kusurwar da ta fi tsayi. Wannan ta uku mu ce mata matokara. Shimfiɗa filafilin a ƙasa mai tsabta, ka ajiye jigo a gefensa na gaba, sandar ƙasa a gefensa na ƙasa. A bakin ƙyallen akwai ramuka jere masu zoben ƙarfe, kowane da guntuwar igiyarsa. Fara da kusurwoyi, don su ne suke ɗauke da nauyi, sa'an nan ka bi na tsakani. A jikin jigo kada tazarar ƙyalle da ice ta wuce santimita ɗaya. Amma kada ka shaƙe shi, domin dole ne filafili ya iya juyawa dama da hagu ba tare da ya cije ba. In ka matse wani rami ka sassauta wani, ƙyallen zai tattare, iska kuma ba ta bin tattararren ƙyalle yadda ya kamata.

Kafin ka ɗaga jigo, ɗaga kanka. Jigon zamani da alminiyam ake yin sa, kuma in ya taɓa wayar lantarki ba a ba da labari. Haka nan in za ka tura jirgi daga gida zuwa ruwa, a kwance ake tafiya da jigo. In sama fayau take, sai ka ɗaga shi, ka zura ta ramin katakon gicciye, ka tabbata gindinsa ya zauna a gurbi. Sa'an nan ka ɗaure shi ko ka kulle shi don kada ya zare. Mutane da yawa suna raina wannan ɗan ɗauri. Amma in jirgi ya kife, jigon da ba a ɗaure ba yana fita daga gurbinsa ya rage a ramin sama kaɗai, kuma da an zo tayar da jirgin sai ya yi aikin ƙarfen ɓanɓare ƙusa, ya tsaga katakon gicciye.

Yanzu sai matokara. Sa kanta na sama a cikin ɗan madaukin da yake kusurwar ƙololuwa, ka rataya na ƙasa a igiyar da take jikin jigo, ka ja. Filafili da kansa zai gaya maka ko ka ja daidai. In ka ga tattara ta taso daga saman jigo ta gangara zuwa ƙarshen sandar ƙasa, matokara ta yi sako-sako. In kuwa tattarar ta taso daga ƙololuwa ta gangaro gindin jigo, ka ja ta wuce kima. A tudu ana barin 'yar alamar wannan ta biyu, domin da iska ta cika ƙyallen za ta baje. Akwai kuma gajeriyar igiya da take haɗa sandar ƙasa da gindin jigo. Aikinta ta danne sandar, don kada iska ta ɗaga ta sama filafili ya murɗe.

Ragama tana bi ta cikin ƙananan ƙafafu masu juyawa, irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya don jan guga, a jikin sandar ƙasa da kuma gindin jirgi. Su ne suke rage nauyin ja, har yaro ya iya riƙe ƙarfin iska da hannu ɗaya. A ƙarshenta ka yi ƙulli mai siffar lamba 8, don kada ta zare in ta suɓuce maka.

Tun da mun zo kan ƙulli, ka sani ba kowane ne ya dace da jirgi ba. Zargen da ake kama akuya da shi yana ƙara shaƙewa in an ja, kuma in ya jiƙe sai wuƙa. Ƙullin jirgi dole ya cika sharuɗɗa biyu: kada ya kwance da kansa, kuma ya kwantu nan da nan in an so, ko da hannu ya yi sanyi igiya ta jiƙe. Ka koyi ƙulli mai lamba 8, da wanda yake yin madauki mara shaƙewa, ka yi ta gwada su a gida har ka iya yin su ido rufe. Akwai kuma wurin da ba a ƙulli sam: ragama ba a ɗaure ta a jikin jirgi. A hannu take zama. Ita ce birkinka, in iska ta yi ƙarfi ka sake ta, filafili ya zubar da iskar, jirgi ya miƙe tsaye.

Linzami da allon ƙasa su ne na ƙarshe, kuma sai jirgi ya shiga ruwa ake sa su, don kada su karye a kan yashi. Linzami yana da ƙarafa biyu masu tsini da suke shiga cikin zobba biyu a allon baya, kamar yadda ake rataya ƙyauren ƙofa, da ɗan maƙalin da yake hana shi zarewa. Yana da sandar riƙo da take shigowa cikin jirgi. Ka lura, aikinta a juye yake: in ka tura ta dama, goshi hagu zai yi. Kowa yana ruɗewa a ranar farko. Allon ƙasa kuma a ɗaure shi da igiya a jikin akwatinsa. Ana sauke shi duka in ana haurawa wajen iska, a ɗaga rabinsa in ana ratsa ta, a ɗaga kusan duka in tana bayanka, don a lokacin ba abin da zai tokare.

Kada ka bar tudu sai da abu huɗu: rigar ceto a jikinka a ɗaure, ba a ajiye a gefe ba, abin kwarfe ruwa ɗaure da igiya, filafilin hannu don lokacin da iska ta ɗauke, da doguwar igiya a goshi wadda za a ja ka da ita.

Iskar wurinmu

A yankin Abuja iska biyu ce take mulki. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ta hunturu ce, daga arewa maso gabas. Da damina kuma daga kudu maso yamma take zuwa, da laima. Amma a ruwan da duwatsu suka kewaye, irin na Usuma, iska ba ta tafiya a miƙe. Tana karo da dutse ta kewaye shi, ta ɗauke a wani lungu, ta faɗo da ƙarfi a wani. Matuƙi yana karanta ta a fuskar ruwa: inda ka ga ruwa ya yi duhu yana ɓarɓashi, to iska mai ƙarfi ce take tahowa, shirya sassauta ragama.

Wadda ta fi haɗari ita ce iskar gaban hadari, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Daga gabas take tasowa, kuma tana riga ruwan sama isowa. Ka riƙe wannan lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun filafili da shi yana ninka huɗu. Saboda haka da ka ga gabas ta haɗe, kada ka tsaya shawara, nufi gaɓar da ta fi kusa. Jigo a tsakiyar ruwa kuma shi ne abu mafi tsayi a wurin, tsawa kuwa abu mai tsayi take nema.

Ƙaramin jirgin filafili yana kifewa, har a hannun gwanaye, kuma an gina shi da sanin haka. In ya kife, doka ta farko ita ce kada ka rabu da shi. Gaɓa a ido kusa take, a iyo nesa take, kuma mai ceto ya fi saurin hango jirgi da kan mutum. Kewaya wajen allon ƙasa, ka kama shi ka danna da nauyinka, jirgin zai taso. Hau ta baya, ba ta gefe ba, ka kwarfe ruwa. A gwada wannan tun a ruwa mara zurfi, a gaban babban da ya iya iyo, kafin ranar da za a bukace shi da gaske.

Sa'an nan kada a ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Ba jirgin filafili ba ne, amma abin da aka danganta haɗarin da shi, wato lodi fiye da kima, ba ruwansa da irin jirgi. Wanda aka yi don mutum ɗaya, mutum ɗaya zai hau, ko da aboki ya yi fushi.

Ka kuma tuna cewa ruwan Usuma na sha ne, hukumar ruwa ta Babban Birnin Tarayya ce take kula da shi, kuma ba a sa jirgi a irin wannan wuri sai da izini. Ko a ina ne ma, fara gaida masuntan wurin, ka tambaye su inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, inda suka shimfiɗa taru, da lokacin da iska take juyawa. Allon ƙasa yana kama taru, kuma tarun nan abincin gidan wani ne.

In ka dawo, kwance kaya ana yin sa ne daga ƙarshe zuwa farko. Ɗaga allon ƙasa da linzami kafin gindi ya taɓa yashi, juya goshi wajen iska, sassauta matokara, sauke jigo. Shanya filafili a inuwa ya bushe sarai kafin ka naɗe shi, domin laima tana sa shi fumfuna, rana kuma tana cinye zarensa. Jirgin kuma a kife ake ajiye shi, a kan duwatsu ko tsofaffin tayoyi, yadda katakonsa ba zai taɓa ƙasa ba, saboda gara.